Tambayoyin ɗan ludo a jarrabawar gasa

Tambayoyin ɗan ludo wani rukuni ne na tambayoyin gwajin basira da ake sakawa a jarrabawoyin neman aiki da na neman gurbin karatu. A irin wannan tambaya ana nuna wa ɗalibi zanen ɗan ludo ɗaya a yanayi biyu ko fiye, ko kuma a nuna masa shi a warware a kan takarda, sannan a nemi ya faɗi abin da ke kan fuskar da ba a gani. Manufar ita ce auna yadda mutum yake iya riƙe siffar abu a ransa, ya juya shi, ya gane ɓangarorinsa ba tare da ya taɓa shi da hannu ba. An fi samun waɗannan tambayoyi a jarrabawoyin aikin gwamnati na ƙasar Indiya, amma akwai makamantansu a gwaje-gwajen basira na Amurka, Jamus da Ingila.

Kusan duk tambayoyin suna komawa ne ga abu ɗaya, wato gano fuskar da take kishiyar wata. Ana iya gano wannan ta hanyar ƙa'idoji kaɗan da suka samo asali daga siffar ɗan ludon kansa, kuma kowace ƙa'ida tana da sharaɗin da idan bai cika ba, ba ta aiki.

Suna da kalmomi

Ɗan ludo shi ne ƙaramin dunƙulen nan mai fuska shida da ake jefawa a wasan ludo, wasu kuma suna kiran sa dayis. Wasan ludo ya samo asali ne daga wasan pacisi na Indiya, kuma an yi masa rajista da sunan ludo a Ingila a shekarar 1896. Siffar ɗan ludo a ilimin lissafi ita ce kiyub, wato irin siffar ƙwayar sukari ko dunƙulen magi.

A wannan maƙala, fuskoki biyu da suka haɗu a gefe ɗaya ana kiran su maƙwabta. Fuskoki biyu da ba su taɓa juna ko ta ina ba, kamar ta sama da ta ƙasa, ana kiran su kishiyoyi. Zanen kiyub da aka warware aka baje a kan takarda kuwa shi ne shimfiɗa.

Tarihi

Ɗan jifa mai fuska shida tsohon abu ne. An tono irinsa na yumɓu a Harappa da Mohenjo-daro, biranen kwarin kogin Indus da ke ƙasar Pakistan a yau, waɗanda suka bunƙasa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Zana shimfiɗar siffofi masu fuskoki da yawa kuwa ya shahara ne a Turai ta hannun mai zanen nan ɗan Jamus, Albrecht Dürer, a littafinsa na awo da ya fito a 1525.

Shigar kiyub cikin gwajin basira ta faru ne a ƙarni na 20. A 1938 Louis Thurstone na Jami'ar Chicago ya wallafa bincikensa kan ginshiƙan basirar ɗan Adam, inda ya nuna cewa fahimtar siffa da wuri baiwa ce mai zaman kanta, daban da iya harshe ko iya lissafi. Cikin gwaje-gwajen da ya yi amfani da su akwai na kwatanta kiyub biyu. A 1947 aka fito da gwajin DAT a Amurka, wanda ke da sashen naɗe shimfiɗa a zuci. A Jamus kuma Rudolf Amthauer ya fito da gwajin IST a 1953, shi ma da sashe na musamman kan kiyub.

Jarrabawoyin da ake samun su

A Indiya tambayoyin suna zuwa ne a ƙarƙashin sashen basira da tunani. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta SSC, wadda aka kafa a 1975, tana sakawa a jarrabawoyinta, haka ma hukumomin ɗaukar ma'aikatan jirgin ƙasa da ake kira RRB. Littattafan share fage, irin su na R. S. Aggarwal, suna ware babi guda kan ɗan ludo da kiyub.

Lokaci shi ne babban ƙalubale. A matakin farko na jarrabawar SSC CGL akwai tambaya 100 da za a amsa cikin minti 60, 25 daga ciki na sashen basira ne. Kowace amsa daidai maki 2 ce, kowace amsa kuskure kuma ana zaftare rabin maki. Idan aka raba lokacin daidai, daƙiƙa 36 ce ga kowace tambaya. A matakin farko na RRB NTPC tambaya 100 ce cikin minti 90, 30 na sashen basira, kuma ana cire kashi ɗaya cikin uku na maki a kan kowane kuskure. Saboda haka canki yana jawo asara, jinkiri ma haka.

A Ingila ana samun tambayoyin shimfiɗa da kiyub a jarrabawar da yara 'yan shekara 11 suke yi don shiga wasu makarantun sakandare. A Amurka jarrabawar shiga makarantun likitancin haƙori tana da sashen ƙidayar kiyub da na naɗe shimfiɗa.

Siffar ɗan ludo

Kiyub yana da fuska 6, gefe 12 da kusurwa 8. Kowace fuska tana da maƙwabta huɗu da kishiya ɗaya tak. A kowace kusurwa fuska uku ne suke haɗuwa, shi ya sa ba a iya ganin fiye da fuska uku a zane ɗaya. A al'ada ana zana ta sama, ta gaba da ta dama.

Ana iya ajiye ɗan ludo ɗaya ta hanya 24, domin kowace cikin fuskoki shida tana iya zama a sama, kuma a kowane hali ana iya juya shi sau huɗu. Akwai hanya 720 ta rubuta lambobi 1 zuwa 6 a kan fuskokin, amma idan aka raba da 24 za a ga 'ya'yan ludo 30 ne kawai suka bambanta da juna da gaske.

Littattafan jarrabawa suna raba su gida biyu:

Daidaitaccen ɗan ludo shi ne wanda jimlar kowaɗanne kishiyoyi biyu take zama 7, wato 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. Irinsa ake sayarwa a kasuwa. Jimlar ɗigonsa 21 ce. Cikin 30 ɗin nan, biyu ne kawai daidaitattu, ɗaya kamar hoton ɗaya ne a madubi. A ɗaya lambobi 1, 2, 3 suna zagaya kusurwarsu yadda hannun agogo yake tafiya, a ɗayan kuma saɓanin haka.

Gama-garin ɗan ludo shi ne duk wanda bai bi wannan tsari ba. Yawancin tambayoyin jarrabawa a kan wannan suke, kuma sau da yawa maimakon lambobi akan sa haruffa, launuka ko alamomi.

Idan a zane ɗaya aka ga fuska biyu da jimlarsu ta kai 7, misali 3 da 4, to tabbas ɗan ludon ba daidaitacce ba ne, domin kishiyoyi ba sa bayyana tare. Amma rashin ganin 7 ba hujja ba ce cewa daidaitacce ne.

Ƙa'idojin warware tambaya

Ƙa'ida ta farko: abin da aka gani tare ba kishiya ba ne. Duk fuskokin da suka fito a zane ɗaya maƙwabta ne. Don haka idan lamba ɗaya ta bayyana tare da lambobi huɗu daban-daban, lambar da ta rage ita ce kishiyarta. Misali, zane na farko ya nuna 3 a sama, 1 a gaba, 2 a dama. Zane na biyu ya nuna 3 a sama, 5 a gaba, 6 a dama. An ga 3 tare da 1, 2, 5 da 6. Saura 4, ita ce kishiyar 3. Wannan ƙa'ida ita ce mafi sauri idan zanen ya kai uku ko huɗu: a nemi lambar da ta fi maimaituwa, a jera maƙwabtanta.

Ƙa'ida ta biyu: idan fuska biyu suka maimaitu. Idan zane biyu suka yi tarayya a fuska biyu, to fuskokin nan na uku da suka bambanta kishiyoyi ne. Misali, zane na farko 3 a sama, 1 a gaba, 2 a dama. Na biyu 3 a sama, 6 a gaba, 1 a dama. An maimaita 3 da 1, saboda haka 2 da 6 kishiyoyi ne. Dalili shi ne 3 da 1 sun haɗu a gefe ɗaya, kuma kowane gefe yana da ƙarshe biyu. Fuskar da take toshe wannan ƙarshen da wadda take toshe wancan ƙarshen ba za su taɓa haɗuwa ba.

Iyakar wannan ƙa'ida ke nan. A misalin da ya gabata ba a ga 4 da 5 ba ko sau ɗaya, don haka ba yadda za a san wacce ce kishiyar 3, wacce ce kishiyar 1. Idan aka yi irin wannan tambaya, amsar daidai ita ce bayanin bai isa ba, kuma akan sa wannan cikin zaɓin amsoshi.

Ƙa'ida ta uku: idan fuska ɗaya ta maimaitu. A nan ana farawa daga fuskar da aka maimaita, a karanta lambobin kowane zane ta bin tafiyar hannun agogo, a rubuta su layi biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Lambobin da suka zo a matsayi ɗaya kishiyoyi ne. A zane na al'ada, bin hannun agogo yana nufin daga sama zuwa dama, daga dama zuwa gaba, daga gaba a koma sama.

Misali, zane na farko ya nuna 5 a sama, 2 a gaba, 6 a dama. Na biyu ya nuna 4 a sama, 1 a gaba, 2 a dama. Lambar da ta maimaitu ita ce 2.

Zane na farko: 2, 5, 6
Zane na biyu: 2, 1, 4

Ke nan 5 kishiyar 1 ce, 6 kishiyar 4 ce, ita kuma 2 kishiyarta ita ce 3 da ba a gani ba. Dalilin da ya sa haka take aiki shi ne, zanen biyu suna nuna kusurwoyi biyu ne na fuska ɗaya waɗanda suke kallon juna a karkace, kamar an juya ɗan ludon rabin zagaye a kan wannan fuska.

Akwai gajeriyar hanya da ake koyarwa, cewa a haɗa ta sama da ta sama, ta gaba da ta gaba. Wannan tana aiki ne kawai idan fuskar da aka maimaita tana wuri ɗaya a zanen biyu. A misalin nan 2 tana gaba a na farko, tana dama a na biyu. Wanda ya haɗa ta sama da ta sama zai ce 5 kishiyar 4 ce, kuma kuskure ne.

Idan babu fuskar da ta maimaitu. A wannan hali zanen biyu sun nuna duka fuskoki shida. Abin da aka sani shi ne kowace fuska ta zanen farko kishiyarta tana cikin zane na biyu, amma akwai hanya uku da haɗin zai iya kasancewa. Sai an ƙara zane na uku ko wani bayani kafin a yanke hukunci.

Tambayoyin shimfiɗa

Akwai hanya 35 ta jera murabba'i shida gefe da gefe a kan takarda, amma 11 ne kawai daga ciki suke naɗuwa su zama kiyub. Shida daga cikin 11 ɗin suna da layi mai murabba'i huɗu, da ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Uku suna da tsarin biyu, uku, ɗaya. Ɗaya tana da tsarin biyu, biyu, biyu kamar matattakala, ɗaya kuma uku da uku.

Abubuwa biyu suna nuna cewa zane ba zai naɗu ba. Na farko, murabba'i biyar a layi ɗaya, domin huɗu ne suke zagaye kiyub, na biyar zai hau kan na farko. Na biyu, murabba'i huɗu da suka haɗu a ɗigo ɗaya, domin a kiyub uku ne kawai suke haɗuwa a kusurwa.

Wajen gano kishiyoyi a shimfiɗa ana amfani da hanya biyu. Ta farko ita ce tsallake ɗaya: a layi madaidaici, murabba'i biyu da akwai ɗaya a tsakaninsu kishiyoyi ne. Idan layin ya ƙunshi 1, 2, 3, 4, sannan 5 tana sama, 6 tana ƙasa, to 1 da 3 kishiyoyi ne, 2 da 4 ma haka, sai 5 da 6. Ko a ina aka liƙa 5 a saman layin, ko a ina aka liƙa 6 a ƙasansa, amsar ba ta canzawa.

Ta biyu ita ce siffar harafin Z: murabba'i huɗu da suka jeru kamar Z, na farko da na ƙarshe kishiyoyi ne. Da ita ake warware shimfiɗar matattakala, inda babu layi mai uku. Idan aka bi matattakalar daga sama aka sa mata A, B, C, D, E, F, kishiyoyin su ne A da D, B da E, C da F.

Yawanci akan ba da shimfiɗa ɗaya da zanen kiyub huɗu, a ce a zaɓi wanda zai fito idan an naɗe ta. Matakin farko shi ne a jefar da duk zaɓin da ya nuna kishiyoyi biyu tare. Idan an bar zaɓi fiye da ɗaya, sai a duba yadda fuskoki uku suke zagaya kusurwarsu, domin masu shirya tambaya sukan sa hoton madubi na amsar daidai a matsayin tarko. Idan fuskokin suna ɗauke da kibiya ko harafi, sai an kuma duba inda kan kibiyar yake fuskanta.

Sauran ire-iren tambayoyi

Mirginawa. Akan ce an mirgina ɗan ludo a kan hanya mai gidaje, a tambayi abin da zai kasance a sama. Mirginawa biyu zuwa ɓangare ɗaya tana kawo kishiya sama, huɗu kuma tana mayar da shi yadda yake tun farko. Fuskoki biyu da suke gefen hanya ba sa canzawa har sai an sauya alƙibla.

Jerawa. Idan aka ɗora daidaitattun 'ya'yan ludo a kan juna bisa tebur, sama da ƙasan kowanne jimlarsu 7 ce. Idan uku ne, kuma na can sama yana nuna 4, jimlar fuskoki biyar da suka ɓuya ita ce 21 a cire 4, wato 17.

Kiyub mai fenti. Wannan yakan zo a babi ɗaya da ɗan ludo. Ana shafa wa babban kiyub fenti ta waje, a yanka shi zuwa ƙanana masu girma ɗaya, a tambayi nawa ne suke da fenti a fuska kaza. Idan kowane gefe an raba shi gida n, masu fenti a fuska uku kullum 8 ne, domin su ne na kusurwa. Masu fuska biyu su ne 12 × (n − 2), masu fuska ɗaya 6 × (n − 2)², marasa fenti kuwa (n − 2)³. Idan n ta zama 3, ana samun 8, 12, 6 da 1, jimla 27. Idan 4 ce, ana samun 8, 24, 24 da 8, jimla 64. Idan 5 ce, 8, 36, 54 da 27, jimla 125. Haɗa jimlar hanya ce ta tabbatar da cewa lissafin ya yi daidai. Wannan lissafi yana aiki ne idan an shafa wa duka fuskoki shida fenti.

Kurakuran da aka fi yi

Ɗaukar kowane ɗan ludo a matsayin daidaitacce, a cire lamba daga 7, alhali tambayar ba ta faɗi haka ba.

Karanta zane ɗaya ta bin hannun agogo, ɗayan kuma ta saɓaninsa. Ko wace alƙibla aka zaɓa tana aiki, muddin ita aka bi a zanen biyu.

Amfani da gajeriyar hanyar haɗa matsayi da matsayi ba tare da duba inda fuskar da ta maimaitu take ba.

Rikita 6 da 9, ko haruffa irin N da Z, idan fuskar ta juya.

Tilasta amsa a inda bayanin bai isa ba.

Abin da bincike ya nuna

A 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler na Jami'ar Stanford sun wallafa bincike a mujallar Science, inda suka nuna wa mutane zanen siffofi biyu da aka gina da ƙananan kiyub, suka tambaye su ko abu ɗaya ne aka juya. Sun gano cewa lokacin amsawa yana ƙaruwa daidai da girman juyin, kamar dai mutum yana juya abin ne a ransa sannu a hankali. A 1972 Shepard da Christine Feng sun samu irin wannan sakamako game da naɗe shimfiɗar kiyub: yawan naɗin da ake bukata, yawan lokacin da ake ɗauka. Wannan ne ya sa ƙa'idojin da aka ambata suke da amfani a ɗakin jarrabawa, domin suna mayar da aikin juyawa a zuci zuwa jera lambobi a takarda.

A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 217 kan horar da mutane fahimtar siffa da wuri. Sun kammala da cewa wannan ƙwarewa tana ƙaruwa da atisaye, ga yara da manya, maza da mata, kuma ƙaruwar tana daɗewa. Malamai kan ba da shawarar a fara da abu na zahiri: a yanka shimfiɗu 11 ɗin daga kwali, a rubuta lambobi, a naɗe su da hannu, a kwatanta da abin da ƙa'ida ta ce, kafin a koma warware tambayoyi da agogo a gefe.

Akwai kuma muhawara a tsakanin masana gwajin basira. Tun da ana iya amsa yawancin tambayoyin ta hanyar ƙa'ida, makin da mutum ya samu yana iya nuna horon da ya sha ne fiye da baiwarsa ta hango siffa. Saboda haka wasu gwaje-gwaje suke amfani da zane mai alƙibla a kan fuskokin maimakon lambobi, ta yadda sanin kishiya kaɗai ba zai wadatar ba.

Duba kuma

Ludo
Kiyub
Gwajin basira
Lissafin siffofi